Wanda Ya Hau Soro Ya Ture Tsani

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agustan 2024, bayan la'asar, hadari ya haɗo ta gabas, ma'aikata kuma sun soma sulalewa gida. A wani ƙaramin ɗaki da ke ƙuryar wata ma'aikata mai zaman kanta a Kaduna, wani matashin injiniya yana zaune gaban allo da takarda a hannunsa. Rahoton masu binciken tsaron kwamfuta ne da ma'aikatar ta ɗauko daga waje. A shafi na huɗu an ja wa wani layi jan biro: akwai Python 2.7 a kan sabar da ke ɗauke da lissafin albashi, masu yaren sun daina kula da wannan siga tun 2020, don haka a cire ta. Shugaban ma'aikatar ya ƙara nasa gajeren rubutu a gefen shafin: "A gama kafin Litinin."

Injiniyan ba malalaci ba ne, ba kuma sabon shiga ba ne. Shekararsa huɗu a wurin, kuma shi kaɗai ne ake kira idan firinta ta ƙi aiki, ko intanet ta ɗauke, ko wani ya manta kalmar sirrinsa. Sabar kuwa gadonta ya yi daga wanda ya riƙe kujerar kafin shi, mutumin da ya tafi bai bar ko layi ɗaya na bayani ba. Babbar manhajar da ke kanta ita ce CentOS 7, ɗaya daga cikin rassan Linux. Tun da ya zo bai taɓa jin ta yi tari ba, shi ya sa bai taɓa buɗe cikinta da kyau ba.

Ya ɗauka aikin minti biyar ne. Ya umarci yum, manhajar da ke saka kaya da cire su a wannan tsari, ta cire Python. Sai yum ta jero masa dogon jerin abubuwan da za su bi Python su tafi, ta kuma ƙare da cewa ba za ta yi ba, domin ita kanta tana cikin jerin, kuma an hana ta cire kanta. Ya karanta saƙon, amma bai ji shi a matsayin gargaɗi ba, ya ɗauke shi taurin kan inji. Ya san wata hanya: akwai rpm, wadda ke ƙarƙashin yum, kuma tana da wani umarni, `--nodeps`, da ke nufin a cire abu ba tare da an tambayi wa ya dogara da shi ba. Ya rubuta, ya danna. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba aka gama, babu saƙo, babu ƙorafi.

Daga nan ya sake kiran yum don ya duba sauran abubuwan da ke cikin rahoton. Amsar da ta fito layi ɗaya ce: ba a sami tafintan da zai karanta wannan manhaja ba.

Tafintan da aka kora

Python yare ne na rubuta manhaja, wanda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kwamfuta ba ta jin wannan yare kai tsaye. Sai an ajiye mata wata manhaja da ke karanta rubutun tana gaya mata abin da za ta yi, wato tafinta. Idan aka ce akwai Python a kan inji, wannan tafintan ake nufi, tare da tarin kayan aikinsa.

Siga ta 2 ta fito a shekarar 2000, ta kuma yi farin jini ƙwarai. A Disambar 2008 aka fitar da Python 3, kuma da gangan masu yaren suka yanke cewa sabon tafinta ba zai ɗauki alkawarin jin duk abin da aka rubuta wa tsohon ba. Suna da dalilansu, kuma ɗaya daga ciki ya shafi duk mai rubutu da Hausa. A Python 2, rubutu na yau da kullum jerin bayit ne kawai, ba jerin haruffa ba. Haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ kowannensu bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8, don haka idan aka tambayi tsohon tafinta tsawon kalmar "ƙasa" sai ya ce biyar. Sabon kuwa zai ce huɗu, domin haruffa yake ƙirgawa. Haka ma lissafi: a raba 5 gida 2, tsohon ya ce 2, ya yar da ragowar, sabon ya ce 2.5. Hatta kalmar da ake amfani da ita a sa kwamfuta ta nuna rubutu a allo an sauya mata ƙa'ida.

Gyara ne mai kyau, amma yana nufin miliyoyin layukan da aka riga aka rubuta sai an bi su an daidaita. Mutane suka ja ƙafa. Python 2.7, wadda ta fito a Yulin 2010 a matsayin autar zuriyarta, an tsara za a daina kula da ita a 2015. Da aka ga duniya ba ta shirya ba, a 2014 van Rossum ya sanar da ƙarin shekara biyar. Wa'adin ya cika ranar 1 ga Janairun 2020, aka kuma fitar da siga ta ƙarshe, 2.7.18, a Afrilun wannan shekarar. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsoho da sabo suna zaune gida ɗaya.

A tsakiyar wannan zaman ne, a 2014, aka haifi CentOS 7, wadda ake ginawa daga Red Hat Enterprise Linux 7. Masu gina ta sun rubuta wasu daga cikin muhimman kayan aikinta da Python 2. A ciki akwai yum, ma'ajin gidan, da firewalld, wadda ke tsara katangar tsaron da ke tace wa zai shigo injin daga waje. Python 2.7.5 da ke kan sabar ba wani abu ba ne da tsohon ma'aikaci ya saka ya manta da shi. Da ita aka gina gidan. Injiniyan ya kori tafinta, sannan ya juya yana neman ma'aji ya dawo masa da shi, alhali ma'ajin ba ya jin kowane yare sai ta bakin wanda aka kora.

Daren

Wajen magariba ruwa ya sauko, kuma kamar yadda aka saba, wutar lantarki ta bi shi ta ɗauke. Sabar ta koma kan batiran inbata, waɗanda a iya saninsa ba sa wuce awa uku. Mai kula da janareta ya riga ya tafi gida da makulli.

A nan ne ya fara lissafin abin da ya aikata. Dokokin katangar tsaro suna nan suna aiki, domin an riga an ɗora su a ƙwaƙwalwar injin tun ranar da aka kunna shi. Amma idan batir ya ƙare injin ya mutu, aka sake kunna shi, babu wanda zai sake ɗora su, tun da firewalld ba za ta tashi ba. Injin zai farka da ƙofofinsa a buɗe, ɗauke da sunaye da lambobin asusun banki na duk ma'aikatan wurin. Sai kuma ya tuna cewa ɗan rubutun da ke kwafe bayanai zuwa ma'ajiyar waje da ƙarfe ɗayan dare shi ma da Python 2 aka yi shi. Albashi kuwa ranar Litinin za a tura.

Ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya kira mutumin da ya koya masa aikin a shekarar bautar ƙasarsa, wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da injinan wani kamfanin sadarwa.

"Assalamu alaikum, Yallaɓai. Ku yi haƙuri na kira ku a wannan lokaci."

"Wa alaikumus salam. Lafiya dai ko?"

"Na cire Python daga sabar albashi."

Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci. "Da yum?"

"Ta ƙi, Yallaɓai. Da rpm na tilasta."

"To, ƙanena, ka hau soro ka ture tsani ke nan. Kada ka kashe injin, kada kuma ka ƙara cire komai. Duba mini, rpm tana amsawa?"

Tana amsawa. Da yaren C aka rubuta rpm, an kuma riga an mayar da ita yaren inji tun daga masana'anta, don haka ba ta buƙatar tafinta. Haka ma curl, ƙaramar manhajar da ke ɗauko fayil daga intanet. Waɗannan biyun su ne igiyar da zai sauko da ita. Abin da ya rage shi ne ya nemo ainihin ƙunshin Python ɗin da ya cire, ba wanda ya yi kama da shi ba, ya ɗauko da hannu, ya miƙa wa rpm. Dattijon ya sa shi ya buɗe kundin da yum ke rubuta duk abin da ta taɓa sakawa, a can ya ga cikakkiyar lambar sigar.

Sai wata matsala ta ɓullo. Adireshin da injin ya sani na rumbun kayan CentOS 7 ba ya amsawa. Dattijon bai yi mamaki ba. Ya ce masa wa'adin CentOS 7 ɗin kanta ya cika tun ranar 30 ga Yuni, an kwashe kayanta daga rumbunan da ake amfani da su an mayar da su ma'ajiyar tarihi ta CentOS. A can ya same su. Ruwa na dukan kwanon ɗakin, intanet na tafiyar hawainiya, fitilar inbata ta koma ruwan ɗorawa. Fayil biyu ne, tafintan da kayan aikinsa. Ya miƙa su ga rpm tare, ya rufe ido, ya buɗe. Ya kira yum, ta amsa. Ya tambayi firewalld halin da take ciki, ta ce tana aiki. Ƙarfe tara saura kwata.

"Alhamdulillahi," in ji dattijon. "Amma kada ka yi barci kana ganin ka gama. Wata biyu ke nan injin nan ba ya samun faci daga ko'ina, kuma ba ka lura ba. Wannan ne labarin, ba Python ba."

Inda rahoton ya yi daidai, da inda ya kauce

Masu binciken ba su yi ƙarya ba. Tsohuwar manhajar da babu mai toshe mata ɓaraka hatsari ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai na'urar da suka yi binciken da ita lambar siga kawai take karantawa, ba ta san tarihin da ke bayan lambar ba. Daga Janairun 2020 zuwa Yunin 2024, ko da yake masu Python sun janye hannu, kamfanin Red Hat ya ci gaba da ɗauko gyare-gyaren tsaro yana lika wa tasa 2.7.5, CentOS 7 kuma tana samun su. Lambar ta tsufa, amma akwai mai kula da ita. Bayan 30 ga Yunin 2024 wannan kulawa ta yanke wa CentOS 7, kuma ba a kan Python kaɗai ba. Ta yanke a kan komai, tun daga zuciyar babbar manhajar har zuwa manhajar da ke karɓar masu shigowa daga nesa. Ke nan rahoton ya nuna azara ɗaya ya ce gara ta ci, alhali ɗakin ne gaba ɗaya ya isa tashi. Zare azarar ba ya gyara ɗaki, rufin kawai yake saukarwa a kan mai shi.

Akwai wata dabara da injiniyan ya kawo a daren, wadda mutane da yawa ke faɗawa cikinta: a bar tsohuwar, a saka Python 3, sannan a karkatar da sunan `python` ya koma nuna sabuwar. Dattijon ya hana shi. Layin farko na yum yana kiran tafinta ne da wannan suna. Idan sabon tafinta ya amsa kiran, zai fara karantawa, ya ci karo da jimlar da aka gina da tsohuwar ƙa'ida, ya tsaya cak. Sakamakon ɗaya ne da na cirewa, bambancin kawai shi ne wannan ya fi sauƙin warwarewa.

Abin lura shi ne yadda manyan masu gina waɗannan tsare-tsare suka rabu da Python 2. Babu wanda ya fara da cirewa a cikinsu. Red Hat ta sake gina ma'ajinta a kan Python 3, kuma a siga ta 8 da ta fitar a Mayun 2019 ta ɓoye tafintan da kayan aikinta ke amfani da shi a wani wuri na daban, da wani suna na daban, don kada mai gida ya taɓa shi garin gyaran nasa. Ubuntu 20.04, wadda ta fito a Afrilun 2020, ba ta zo da Python 2 a cikin kayan da ake sakawa tun farko ba, bayan shekaru ana sauya kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Apple ya yi gargaɗi a 2019, bai cire ta daga macOS ba sai a siga ta 12.3, cikin Maris na 2022. Debian kuwa sai a siga ta 12, a Yunin 2023, ta fito babu Python 2 ko kaɗan. Tsarin ɗaya ne a ko'ina: a ƙirga waɗanda suka dogara da tsohon, a kwashe su zuwa sabon, a jira a ga babu wanda aka bari a baya, sannan a cire. Cirewa ita ce mataki na ƙarshe, kuma idan an yi sauran da kyau, ranar da aka yi ta ba wanda zai ji a jikinsa.

Darasin ya shiga jikin masu yaren har suka mayar da shi ƙa'ida. A Debian 12, da Ubuntu daga 23.04 zuwa sama, idan mutum ya nemi ya cusa kayansa cikin Python ɗin babbar manhaja ta hanyar pip, za a dakatar da shi a ce ya buɗe nasa keɓantaccen wuri. Python ɗin da ya zo da inji na injin ne. Mai son nasa ya kafa nasa a gefe.

Safiyar Juma'a

Abin da ya fi yi wa injiniyan nauyi ba daren ba ne, safiyar ce. Yana iya yin shiru, tun da komai ya koma yadda yake, babu kuma wanda ya sani. Amma layin da aka ja wa jan biro yana nan, kuma Litinin na tafe. Ya shiga ofishin shugaban ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba, har da gargaɗin da injin ya yi masa ya tsallake.

"Yanzu kana nufin layi ɗaya ɗin nan ba zai yiwu ba?" in ji shugaban.

"Zai yiwu, ranka ya daɗe, amma ba kafin Litinin ba, kuma ba a kan wannan injin ba. Sabo za mu kafa, mu kwashe kayan a hankali, sannan mu kashe wannan gaba ɗaya."

Shugaban bai ji daɗi ba. Yana son ya mayar wa hukumar gudanarwa takarda da alamar an gama a kowane layi, ga shi ana gaya masa maganar kuɗi da watanni. Injiniyan ya rubuta masa shafi ɗaya da zai miƙa a madadin alamar: abin da ya sa ba za a cire ba, matakan da aka ɗauka a tsakani, wato rufe duk wata ƙofa ta injin ban da wadda sashen kuɗi ke shiga ta cikin gida, da ranar da za a kashe shi. Shugaban ya karanta sau biyu, ya sa hannu.

Daga nan aikin gaske ya fara, kuma yawancinsa ƙirga ne. Ya tambayi rpm wane ƙunshi ne ke buƙatar Python, ta ba shi jerin na babbar manhaja. Amma rpm ba ta san abin da mutane suka rubuta da hannunsu suka ajiye ba. Waɗannan sai da ya bi fayil-fayil yana duba layin farko na kowane rubutu, ya kuma buɗe jadawalin ayyukan da injin ke yi da kansa cikin dare. Ya sami guda goma sha ɗaya. Uku daga ciki babu wanda ya san da su a duk ma'aikatar, ɗaya kuma shi ne ke mayar da lissafin albashi zuwa irin fayil ɗin da banki ke karɓa. Shekara huɗu yana cin albashi ta hannun wannan ɗan rubutu bai taɓa sanin akwai shi ba.

Ya kafa sabon inji a kan Rocky Linux 9, ya ware wa rubuce-rubucen ma'aikatar nasu keɓantaccen wuri, nesa da Python ɗin babbar manhaja. Ya mayar da su Python 3 ɗaya bayan ɗaya. Albashin Satumba da na Oktoba ya sa injinan biyu suka lissafa, ya jera sakamakon gefe da gefe. A karon farko ba su yi daidai ba: wasu ma'aikata sun sami bambancin naira ɗaya. Ya kwana biyu yana nema kafin ya gano dalili biyu. Na farko rabon nan ne da tsohon tafinta ke yar da ragowa. Na biyu kuma yadda ake cike rabi: idan aka ce a mayar da 2.5 cikakkiyar lamba, tsohon ya ce 3, sabon ya ce 2, domin shi yana karkata ne zuwa lamba mai rabuwa biyu daidai. Naira ɗaya ba kuɗi ba ce, amma lissafin albashin da ba a san dalilin bambancinsa ba abin tsoro ne. Ya kai wa akanta, akanta ya zaɓi ƙa'idar da za a bi, aka rubuta ta a fili cikin manhajar maimakon a bar wa tafinta.

A makon farko na Nuwamba, da hantsi, bayan ya ɗauki kwafin ƙarshe ya kuma gwada cewa kwafin yana buɗuwa, ya kashe tsohon injin. Python 2.7 tana cikinsa, ba a taɓa ta ba, ta tafi tare da gidan da aka gina da ita. Takardun albashin wannan watan sun fito da sunayen da ke ɗauke da ƙ da ɗ yadda masu su ke rubuta su, maimakon alamomin tambayar da aka saba gani aka kuma daina ƙorafi a kansu.

Kafin ya tashi ranar, ya buɗe sabon fayil a kan sabon injin, a inda duk wanda zai gaje shi zai fara gani. Ya jera rubuce-rubucen nan goma sha ɗaya, kowanne da aikinsa, da lokacin da yake tashi, da abin da ya dogara da shi. A ƙasa ya rubuta cewa ita ma wannan babbar manhaja tana da wa'adi, shekarar 2032, kuma a fara shirin ƙaura shekara guda kafin nan. Sannan ya ɗauki waya ya kira dattijon, wannan karon da rana tsaka, don kawai ya gaishe shi.